Shekarar da Shamuwa Ba Ta Sauka Ba

Asabar, 5 ga Mayu, 1984
A rubuta a tarihi: yau ni Balarabe, malamin firamare a Makoda, na ɗinke malafata da hannuna. Ruwan farko ya sauka jiya. Na ce wa Yaya Sama'ilu mu yi shuka. Ya dubi kukar gidanmu, ya ce shamuwa ba ta zo ba, kuma Baba bai taɓa zuba iri ba sai ta sauka. Irin geron da fari ya bar mana tiya shida ne kacal. Wai tsuntsuwa ce alƙaliyarmu. Ni da nake koyar da labarin ƙasa.

Talata, 8 ga Mayu
Mun raba irin. Na shuka ukuna. Shi ya mayar da nasa rumbu.

Asabar, 12 ga Mayu
Na ari babur na tafi gandun gwamnati na bakin kogi, inda aka hana harbin tsuntsu da kamun kifi. Niyyata in ga shamuwa a can, in dawo in gaya wa Yaya ta sami masaukin da ya fi namu ne kawai.

Allon ƙofa yana nan da hoton agwagin ruwa. Ruwan ne babu. Fadamar ta bushe ta tsattsage, ƙayar kifi fari fat, kwalekwale a kife kan yashi. Dattijo Tasi'u mai gadi ya sa na rubuta sunana a littafin baƙi. Wanda ya gabace ni tun Janairu ya zo. Ya bi ni yana nunawa, nan dinya take kwana, nan zalɓe yake tsayawa, kamar mai nuna kaburburan dangi. Na tambaye shi labarin shamuwa.

"Sun zo, Malam. Sau biyu suka kewaya, ba su sauka ba. Suka koma kudu."

Na tsokane shi da cewa yashi yake gadi. Bai yi dariya ba. Ban taɓa jin daji shiru haka ba.

Lahadi, 13 ga Mayu
Yaya ya tambayi abin da na gano. Na ce taya ce ta yi faci a hanya.

Alhamis, 24 ga Mayu
Kwana ashirin ba ruwa. Gerona ya tsiro, ya kai yatsa, ya kwanta. Ina cikin aji sai in ji fukafukai bisa rufi. In leƙa, ba komai.

Juma'a, 8 ga Yuni
Yaya ya aiko matarsa Hure da rabin irinsa. Ba saƙo, ba gori. Ban taɓa shi ba. Yau da safe na tsinci kaina a gindin kuka, kai sama, ina duban tsohuwar sheƙar shamuwa.

Yaya ne da gaskiya.