Bayin Inna Ya Daina Kallon Gabas

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya zaman Fatakwal? Yaya Anti Hajara da yara? Mu nan Gawon Nama lahiya lau.

Albishirinka, hankalina ya kwanta kan gyaran ɗakin Inna. Bayin da munka sa a yi mata ciki saboda ciwon gwiwa, ashe magini ya kafa masai yana kallon gabas sak! Inna na leƙawa ta ce, "Ni in zauna ina fuskantar alƙibla? Gara gwiwar ta ruɓe." Sati biyu tana jan ƙafa zuwa tsohon bayin tsakar gida, har ta zame ranar ruwan sama. Allah ya tsare, ba karaya.

Na ce wa magini, "Malam Garba, ba nan kake kallo in za ka yi salla ba?" Wai ta nan bututu ya fi sauƙi. Na ce to bututu zai amsa tambaya ranar lahira? Na tsaya kansa har ya fasa tayil, ya juya masai arewa.

Jiya Inna ta shiga. Da ta fito, ladana kawai shi ne, "Nasiru, rage faɗa."

A sa gwiwar cikin addu'a. Gaida Kawu Sani.

Ƙanenka,
Nasiru