Laftof ɗin Yaya Muntasir

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023
An ce kowa a ajinmu ya sa manhajar Linux a kwamfutarsa kafin jarrabawa. Ni kuwa ba ni da wata sai ta Yaya Muntasir. Tun da ya rasu a hanyar Kaduna ban buɗe ta ba. Umma ta ɗauko ta daga ƙarƙashin gado ta miƙo min, ba ta dube ni ba.

Laraba, 11 ga Oktoba
Na kai ta shagon Malam Sadiƙu mai gyara, a Ƙofar Gayan. Abokin Yaya ne. Ya ce za a raba faifan ajiyarta gida biyu, ɗaya na Yaya, ɗaya nawa da za a sa Linux a ciki, amma ya cika maƙil da bidiyon bikin mutane da Yaya yake ɗauka.
"Radiya, sai kin goge wasu. Sannan a yi difrag, a tattara sauran wuri guda, don yanzu a warwatse suke."
Na ce to.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Ina kallon kowanne kafin in goge. Babu fuskarsa ko a ɗaya, kullum yana bayan kyamara. Sai murya: "Hajiya, a ɗan matso." "Ango, yi dariya mana, ba kotu ba ce."
Umma ta jiyo daga tsakar gida, ta saki tsintsiya.

Asabar, 14 ga Oktoba
Ban goge komai ba yau.

Lahadi, 15 ga Oktoba
Na goge. Na bar waɗanda ya fi surutu a ciki. Na kunna difrag, na zauna ina kallon layin da ke nuna ci gaban aikin yana ja kamar ba zai kai ba. Ana tsaka da yi aka ɗauke wuta. Batirin dama ya mutu tuntuni.

Talata, 17 ga Oktoba
Wasu abubuwan da ke ciki sun lalace, amma Malam Sadiƙu ya ce ba laifina ba ne, faifan ya tsufa. Ya ceto abin da ya cetu, ya raba shi. Bidiyon sunan ɗan Anti Sa'ida, inda Yaya yake waƙa, ya ƙi buɗewa. Ban gaya wa Umma ba. Wallahi ban san ta inda zan fara ba.

Juma'a, 27 ga Oktoba
Duk na kunna ta, sai ta tambaye ni ɓangaren da zan shiga. Yau na shiga nawa, na yi aiki har la'asar. Sai da na rufe na tuna ban leƙa nasa ba. Jiya ma, ina jin.
Aiki ne ya yi yawa, shi ke nan.