Ƙwayoyin da Aka Ƙulle Mini a Leda

Zuwa ga Likitan da ya yi bayani a rediyo kan binciken zazzaɓin cizon sauro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yau Laraba na tashi da rawar ɗari, bakina da ɗaci, sai a yi haƙuri da rubutuna. Ni tsoho ne a Tsohon Birnin Gwari, na yi elementare tun zamanin da. Mai ɗakina ta rasu, 'ya'yana sun bar gari saboda halin da dajinmu yake ciki. Daga ni sai rediyo.

Na farko, ranka ya daɗe, na ji ka da kunnena kana cewa masana suna gwada magungunan da aka yi don wasu cututtuka, irin su ƙanjamau, su ga ko za su kashe ƙwayar zazzaɓi da ke cikin jini. Gwaji ka ce, na shaida. Amma ba ka ce kada kowa ya sha ba, kuma a nan abin da likita bai hana ba ya halatta.

Na biyu, ranar kasuwar da ta biyo baya wani mai tallan magani ya zo a babur yana shelar maganin rediyo ya iso. Ba kwali, ba takarda, daga kwalba yake zubawa ya ƙulle a leda. A unguwarmu ni ake kawo wa kwalin magani in karanta. Wannan karon babu abin karantawa, kuma da zazzaɓi ya kayar da ni, ni ma na aika aka karɓo mini.

Tun da na fara sha zazzaɓin bai sauka ba. Fitsarina ya yi duhu, maƙwabcina ya ce idanuna sun koma rawaya. Wallahi tsoro nake ji. Ban san abin da nake haɗiya ba, ban san ko ciwon ne yake cina ko maganin ba. In na daina ina tsoro, in na ci gaba ina tsoro, kuma hanyar asibiti ba ta biyuwa ga mai ƙarfi ma, balle ni.

Roƙona, ka koma rediyon nan ka faɗa da Hausa ɓaro-ɓaro cewa maganin bai fito ba. Ka faɗa mana kuma abin da wanda ya riga ya sha zai yi. Allah ya ƙara maka basira, ya sa binciken ya amfani jikokinmu.

Wassalam.
Malam Audu Makaɗi

Ƙarin bayani: wani malamin asibiti ya aiko cewa yau zai zo ya ɗebi jinina, amma bai zo ba, ga shi an kira magariba. Lokacin shan maganin ya yi, ledar tana hannuna.