Wa Zai Ɗora wa Tewolde Murya

Roma

Yaya Mehret,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar Mama ta yi sauƙi.

Albishirinki. Bayan shekarun da na kwashe a ɗaki mai duhu ina ɗora wa jaruman Amurka muryar Italiyanci, za a ga fuskata. An ba ni matsayin jarumin wani wasan barkwanci na talabijin: baƙar fatan da ya yi suna, kowa na son hoto da shi, babu mai ba shi hayar gida. Na ce musu ba na bukatar bita.

Ƙaninki,
Tewolde

Bari

Tewolde,

Muna lafiya a nan garin Bari, mun gode Allah. Ka san Mama ta daɗe tana nuna wa maƙwabta Bature mai jan gashi a kan doki a cikin fim tana cewa ɗanta ne ke magana, har suka fara yi mata kallon wadda tsufa ya taɓa. Yanzu ta gayyace su duka ranar da za a fara nuna wasan. Kada ka kunyata ta. Ka rage taliya.

Yayarka

Roma

Yaya,

Ina gaisuwa. An samu cikas. Furodusa, wani Vannucci, ya ce Italiyancina ya yi tsabta da yawa, masu kallo ba za su yarda daga wannan fuskar yake fitowa ba. Wai in riƙa karya harshe kamar jiya na sauka daga kwale-kwale. Ni da aka haifa a bayan tashar jirgin Roma. Na ƙi. Ya ce shikenan, za a ɗora min muryar wani.

Ki gai da Mama, kada ki faɗa mata.

Bari

Tewolde,

Ban faɗa ba. Amma in ta ji baƙo yana magana da bakinka a gaban mutanen nan, ba za ta sake fita ƙofar gida ba. Ka san abin yi.

Ka huta lafiya.

Roma

Yaya,

Da fatan kuna ƙalau. Vannucci ya aika aikin ɗora muryar zuwa kamfaninmu, da umarnin a ba wanda ya fi kowa iyawa. Bai taɓa tambayar inda nake aiki ba. Shugabarmu Ottavia ta cire tabarau ta ce, "Tewolde, shiga ciki. Mu ba ma saɓa wa furodusa."

Na ɗora wa kaina murya, tsaf, da Italiyancin da Mama ta biya kuɗin makaranta na koya. Ban taɓa aiki da ɗan wasa mai haɗiye kalmomi irin wannan Tewolden ba. Vannucci ya saurara ya ce ba haka ya so ba, amma muryar ta zauna a bakin, a bar ta.

Naki,
Tewolde

Bari

Ƙanena,

Sannu da aiki. Falo ya cika har matattakala. Kowa ya yi dariya ban da Mama, ita fuskokinsu take kallo ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama ta ce, "Akwai mai tambaya?"

Babu.

Allah ya ƙara ɗaukaka.
Mehret