Dutsen Gidanmu da Shafinku Bai San da Shi Ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan ofishin ba da izinin gini, Jos.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Ladi, malamar firamare ce ni, a Gada Biyu nake zaune. Na rubuto maka a fili ne don na san ba ni kaɗai abin nan ya shafa ba.

Zan fara da yabo, don kun cancanta. A da, mai neman izinin gini sai takalminsa ya cinye a hanyar ofis. Bana ina zaune a ɗakin malamai na cike komai ta waya, izini ya fito ban roƙi kowa ba. Allah ya sani na yi murna, har na riƙa yi wa abokan aikina gori.

Ɗaki ɗaya tak nake son ƙarawa, domin mahaifiyata. Tana ƙauye ita kaɗai, ciwon gwiwa ya hana ta zuwa rafi. Da ƙyar da siɗin goshi ta yarda ta dawo wurina, amma sai in da ɗakinta daban, inda ba mai taɓa mata tukwane. Na san halin Mama: in ruwa ya sauka ta shuka accarta, magana ta mutu sai baɗi. Kuma shekara guda ba abin wasa ba ce ga mai shekarunta. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Ga inda muka maƙale.

Na ɗaya, sharaɗin tushe. Izinin ya ce a haƙa tushe mai zurfi, a ɗauki hoton ramin a ɗora a shafinku, sannan a buɗe mana matakin gaba. To, ranka ya daɗe, gidanmu a kan dutse yake zaune. Magina suka buga diga, sai tartsatsi. Na ɗauki hoton dutsen na ɗora, aka mayar min da jan rubutu, wai sharaɗi bai cika ba. Na duba sama da ƙasa, babu gurbin da mutum zai yi bayani. Haba! A garin Jos, a ce shafin izinin gini bai san da dutse ba?

Na biyu, sanarwa. Ashe kun aiko cewa za a soke izinin in ban gyara ba, amma ta imel kawai, wanda ni sai in yi wata ban leƙa ba. Da na gani wa'adi ya kusa cika. Turancinsa kuwa kamar sammacin kotu, ni da nake koyarwa ma sai da na karanta na sake karantawa.

Na uku, kuma shi ya ƙarfafa min gwiwar rubutu. Injiniyarku ta zo, mace mai kirki da haƙuri. Ta hau dutsen, ta duba, ta ce ya fi kowane tushe ƙarfi, a huda shi kawai a kafa rodi. Amma ta ce ba ta da ikon amincewa, domin sharaɗi ɗaya aka saka wa kowa, da mai fili a fadama da mai fili a kan dutse. Ta ce gyaran ba babban aiki ba ne, umarninka kawai ake jira.

Don haka ina roƙo a riƙa tambayar mai nema irin ƙasar filinsa tun farko, sharaɗi ya bi amsarsa. A ba injiniyan da ya gani da idonsa damar amincewa. Sanarwa kuma ta riƙa zuwa ta saƙon waya, da Hausa da Turanci mai sauƙi, ta faɗi abin da mutum zai yi. Nawa izinin, don Allah a duba shi kafin hadari ya fara haɗuwa.

Ina da kyakkyawan zato, domin wanda ya raba mu da layin ofis, wannan ba zai gagare shi ba. Allah ya ƙara maka basira, ya kare ka, ya ba ka ikon yin adalci.

Jiya ƙanena ya dawo daga ƙauye. Ya ce Mama ta ɗaure tukwanenta a buhu, ta jingine a bakin ƙofa, amma irin accar ma yana nan kusa da su, ba ta bayar ba.

Wassalam, taka mai jiran amsa,
Ladi, Gada Biyu.