Isiyaku Zai Tafi Amurka

Daren Talata, Fagge

Tun da aka nuna wasan Amurka a gidan kallo, Isiyaku gola ya hana mu sakat. Wai can ko kulob ya zo na ƙarshe ba a saukar da shi, shi ma ake fara bai wa zaɓin sabon ɗan wasa. Na ce to ai irinka suke nema, mai shan ƙwallo biyar kullum.

Shi ne na aro kwat na sa wa wani Emeka na Sabon Gari, muka ce wakilin kulob ne daga Amurka. Ya sa Isiyaku tsalle da birgima a filin Rijiyar Lemo cikin rana. Bawan Allah har da hawaye: "Sule, ba zan manta da kai ba."

Da magariba ya yi wa maigidansa tela sallama, wai ya bar ɗinki. Maigidan har ya bai wa wani keken ɗinkin da yake aiki a kai. Wannan ya ɗan taɓa ni, amma in na faɗi gaskiya yanzu duka zan sha.

Gobe zai jira Emeka a tashar jirgin ƙasa da jakarsa. Zan je da wuri in samu inuwa in sha kallo.