Bangon da Ka Bar Mana a Ainu Shams

Zuwa ga kakana, Malam Ilu mai zane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahama, jikarka Hadiza ce, ƙara na kawo.

Ka bar Damagaram a ƙafa kana saurayi, wai za ka Makka. Ka iso Alƙahira, ka ga kogin Nilu, ka ce bari ka zana shi tukuna. Sai da gemunka ya yi fari ka je Makkan, a jirgi.

Ba ka taɓa zana Masar yadda Allah ya yi ta ba. Ga dalar Fir'auna, ga kuka a gefe. Ga kwalekwale, ga rumbu a gaɓa, da akuya tana miƙa wuya. Wani Bature ya ce ya zaga Giza bai ga bishiyar nan ba, ka ce masa, "Ma'alish, yi haƙuri, jiya aka sare ta."

Matarka Inna Asabe kuwa, a farantinta kake dama fenti. Kullum cewa take, "Da tuwo yake zanawa, da ko ido ya ƙoshi."

To, ga ƙarar. Duk takardun duniya ba su ishe ka ba, sai a bangon falon gidan hayarmu na unguwar Ainu Shams ka zana garinku. Yanzu mai gida ya tashe mu, mun koma unguwar Hayyin Ashir. Baba ya tambayi mai gadi ko ana cire bango, mutumin ya yi dariya har da zama.

Ranar tashi aka turo mai farar ƙasa, wani Basa'ide, mutumin kudancin Masar. Ya shafe sauran bangon, ya zo kan naka ya tsaya. Ya rantse ƙauyensu ne, har akuyar da ke ciki ya sani. Ban musa ba. Ya ajiye buroshi ya ce, "Khalas, shi ke nan, ku ce fenti ya ƙare." Ban san ko masu shigowa za su yi irin kunyarsa ba.

Kafin in fita na tsuguna a kusurwa. Tambarin yatsana yana nan, rawaya, inda ka kama hannuna ina ƙarama ka dangwala, ka ce garin ba shi da rana sai na ba shi. A nan na kasa dariya, Kaka.

Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da mutanen da ka bari a gida.

Amaryarka,
Hadiza